Daga Mont-Bouët Zuwa Ƙasar Sin: Wa Ke Ciyar Da Wa?

Duk wanda ya san Libreville ya san kasuwar Mont-Bouët, inda da yawanmu ke neman abin sakawa a bakin salati. To amma mun taɓa tambayar buhunan nan daga ina suka fito? Shinkafa daga ƙasashen Asiya take zuwa, a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Kajin ƙanƙara ma daga ƙetare suke. Albasa da tumatir da agada kuwa, da yawa daga Kamaru ake ɗauko su, manyan motoci su biyo ta Bitam da Oyem da Ndjolé kafin su iso mana. Ranar da hanya ta lalace, tukunyarmu ce ke fara ji.

Abin mamaki, ba ƙasa muka rasa ba. Faɗin Gabon ya haura murabba'in kilomita 267,000, mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, ruwan sama kuma sai godiya. Sai dai kurmi ya rufe kusan kashi 88 cikin ɗari, kuɗin man fetur kuma ya janye matasa daga ƙauye zuwa birni.

Mu dubi ƙasar Sin. Mutanenta sun kai biliyan 1.4, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan Adam, amma gonakinta ba su kai kashi 10 cikin ɗari na gonakin duniya ba. Ta sha baƙar yunwa daga 1959 zuwa 1961. Bayan haka masaninta Yuan Longping ya samar da shinkafa 'yar aure mai yawan yabanya a shekarun 1970, hukuma kuma ta ja layi: kada gonaki su gaza hekta miliyan 120. Duk da haka, a 2020 sai da ta sayo waken soya tan miliyan 100 daga waje. Su ƙasa ce ta yi musu kaɗan, mu kuwa manoma.

A 2025 gwamnatin Gabon ta ba da sanarwar hana shigo da kaji daga Janairun 2027. 'Yan'uwa, wannan dama ce. Iyayenmu da fartanya suka tashi kafin su kama fatauci. Me zai hana mu haɗa jari mu nemi fili wajen Ntoum, mu yi kiwo da lambu? Kayan aro dai ba ya rufe katara. Allah ya sa mu dace.