Ƙwallon Akwati: Zuma Ga Zaƙi, Ga Harbi

A cikin watan jiya ne na zauna da dare ina duba saƙonnin banki da ke cikin wayata, sai na tarar an cire mini kuɗi har sau 7 a cikin mako 2, ba kuwa da sanina ba. Da na haɗa lissafi sai na ga sun tasam ma naira 40,000, alhali kuwa kuɗi ne da na keɓe domin biyan kuɗin jarrabawar ɗan yayata, yaro ɗan shekara 15 wanda uwarsa ta aiko mini shi nan Legas ya yi karatu a hannuna. Da fari na ɗauka aikin 'yan damfara ne, har na ƙudura zan yi sammako zuwa banki, ashe mai abin yana kwance a ɗakin da ke kusa da nawa.

Da na tsare shi bai yi mini gardama ba. Ya ce ya ɗauki lambobin katina ne ya shigar cikin wani wasan ƙwallo na wayar salula, yana sayen ƙunshin 'yan wasa wanda ba a sanin abin da ke ciki sai an biya an buɗe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, kowane karo sai in ga kamar a wannan zan sami wanda nake nema." Na ɗaga hannu zan mare shi, amma sai hannun ya yi mini nauyi, domin na tuna da wani yaro mai kamar shekarunsa wanda ya yi abin da ya kusa kai wannan, yaron nan kuwa ni ne. Dalili ke nan da ya sa na ga ya kamata in zauna da masu karatu a wannan mako mu auna wannan wasa, mu ba shi abin da ya cancanta na yabo da na zargi.

Ga waɗanda ba su saba da shi ba, wasa ne da ake yi a jikin akwatin talabijin ko kwamfuta ko waya, mutum ya riƙe abin sarrafawa a hannu yana juya 'yan wasa 11 da 'yan yatsunsa. Kamfanoni 2 ne suka daɗe suna kokawa a kan kasuwarsa. Na farko shi ne Electronic Arts na ƙasar Amurka, wanda ya fito da FIFA International Soccer a ƙarshen 1993, ya kuma yi ta amfani da sunan hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya kusan shekara 30 kafin su raba gari, har wasan ya koma EA Sports FC a 2023. Na biyu shi ne Konami na ƙasar Japan, mai Winning Eleven wanda ya fara fitowa a 1995, aka san shi a Turai da Pro Evolution Soccer daga 2001, sa'an nan ya zama eFootball a 2021.

Ni dai na san wannan harka ne a 2005, a wani ɗan shago da ke bayan layinmu a Agege, inda aka jera akwatunan talabijin 3 da na'urorin PlayStation 2, ga benci, ga ƙaramin janareta yana ta hayaƙi a bakin ƙofa. Gidan gem muke ce masa. Faifan da ake sa mana na Winning Eleven ne, mai sharhin wasa yana ta ihu da harshen Japan, ba ma jin ko kalma guda amma duk mun haddace muryarsa. Kowa so yake ya riga ɗaukar Inter Milan, saboda Adriano mai harbin da ba ya taruwa, da namu Obafemi Martins wanda in ya zura da gudu ba ɗan bayan da ke cim masa.

Zan fara da alherinsa, domin ba daidai ba ne mutum ya ci tuwo ya zagi tukunya. A kan bencin nan na fara sanin akwai birnin da ake kira Dortmund a Jamus, da Porto a Fotugal, da Eindhoven a Holan, tun kafin malamin labarin ƙasa ya nuna mana taswira. A nan na gane dokar satar gida, na kuma fahimci bambancin tsarin 4-4-2 da na 4-3-3, da dalilin da ya sa mai horarwa ke cire ɗan gaba ya sa ɗan tsakiya in yana so ya tsare cin da ya yi. Bayan na gama difloma a fannin aikin jarida, ran da aka fara gwada ni a teburin wasanni, rabin abin da na amsa daga gidan gem na samo shi. Ba kuma yara kaɗai suka ga amfanin irin wannan sani ba: a 2008 ƙungiyar Everton ta Ingila ta ƙulla yarjejeniya da masu yin Football Manager domin ta riƙa duba taskar bayanansu wajen neman 'yan wasa.

Alheri na biyu ya fi wannan girma a wurina. A shagon nan Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri kan zauna kafaɗa da kafaɗa, ba mai tambayar ɗan'uwansa garinsu. Gwanin gwanayenmu kuwa wani yaro ne da shan inna ta shanye wa ƙafa tun yana goye. A filin unguwa sai dai ya zauna a gefe yana tsaron takalman masu wasa, amma in ya riƙe hannun gem, duk ƙarti sai su yi layi yana lallasa su ɗaya bayan ɗaya. Abin da fili ya hana shi, akwati ya ba shi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma Hausawa sun ce zuma da zaƙi take da harbi. Harbin farko shi ne cin lokaci. Wasa ɗaya minti 10 ne, sai dai ba mai tashi bayan wasa ɗaya: wanda ya ci yana so ya ƙara, wanda aka ci yana so ya rama. Haka na riƙa fita da kayan makaranta da safe, in ɓuya a shago har a tashi. Da sakamakon jarrabawar fita sakandare ya fito a 2006, na faɗi Lissafi da Turanci, na yi asarar shekara guda cur, mahaifina kuwa, wanda ke sayar da goro, ya sake biya mini daga cikin jarinsa. Ba na ɗora wa kowa wannan laifi sai kaina. Daga baya ne na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022, ta kuma bayyana alamominta: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, har tsawon kamar shekara guda. Da na karanta sai na ga kamar hotona aka ɗauka.

Harbi na biyu shi ne kuɗi. A zamaninmu dokar shago ita ce wanda aka ci shi ke biya, daga nan sai aka fara ɗora 'yan canji a kan tebur, kafin mu farga mun zama ƙananan 'yan caca. Yau kuwa cacar ta bar tebur ta shige cikin wasan kansa. Tun daga 2009, lokacin da aka ƙirƙiro sashen Ultimate Team a cikin FIFA, sayar da ƙunshin 'yan wasa a rufe ya zama babbar hanyar samun riba, wasanni da yawa na waya kuma suna bin irin wannan tsari. Yaro zai biya yana fatan fitaccen ɗan wasa, mafi yawan lokaci ya sami tarkace, ya sake biya. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ciniki caca ne, har a farkon 2019 kamfanin ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a wannan ƙasa.

Harbi na uku ya shafe mu ne mu 'yan Nijeriya. Cikin duk shekarun da na yi ina wannan wasa, ban taɓa buɗe faifai na asali na ga gasar ƙasarmu ba. Babu Enyimba da ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, babu Kano Pillars da ta ci gasar ƙasa a 2008 sa'an nan ta jera 2012 da 2013 da 2014. Na tambayi ɗan yayata ya faɗa mini 'yan wasan gida guda 3, ya kasa, amma ya zayyano mini har 'yan benci na ƙungiyoyin Ingila. Daɗin daɗawa, wasan kan koya wa yaro cewa ɗan ƙwallo lamba ce kawai, gudunsa kaza, harbinsa kaza, alhali a fili akwai gajiya da tsoro da zafin rana, akwai kuma haƙuri da abokin wasa in ya ɓarar da ƙwallo, waɗanda ba a koyonsu da ɗan yatsa.

Da na auna duk wannan, abin da ya rage shi ne yadda zan yi da yaron. Na san in na gaya wa uwarsa za ta iya cewa ya tattara ya koma gida, karatun ya tsaya. In kuma na ɓoye mata na ci amanar da ta ba ni. Na kwana 2 ina juyayi, sa'an nan na kira ta na faɗa mata kome, har da labarin faɗuwata ta 2006, wadda ita ma ba ta manta ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Kai ma da Baba ya kore ka a lokacin, da yanzu ba ka zama abin da ka zama ba. Na bar maka shi."

Na sauya katin, na kuma amsa nawa laifin na barin sa a inda hannu zai kai. Na ranto na biya kuɗin jarrabawar, shi kuwa yana biya na da kaɗan kaɗan daga kuɗin kashewarsa, yana rubutawa a littafi da hannunsa. Ban hana shi wasan ba, domin na san hani ba ya kashe sha'awa, sai dai ya koya wa yaro ɓuya. Mun yi yarjejeniya: ba wasa a ranakun makaranta, ba sayen kome a ciki, ran Asabar da dare mu zauna tare mu buga na awa 1, ran Lahadi da safe kuma ya ɗaura takalmi mu tafi fili.

Ina kira ga iyaye da su daina ɗaukar abin nan a matsayin shirmen yara, su zauna su ga abin da ke cikin wayar 'ya'yansu, su kuma tsare katunansu na banki. Masu tafiyar da gasar ƙwallo ta ƙasa su ma su yi tunanin yadda ƙungiyoyinmu za su shiga waɗannan wasanni, tun da a can ne yaran yau ke zaɓen gwanayensu.

A Asabar ɗin da ta wuce ya zura mini 4 ban rama ko ɗaya ba, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Da gari ya waye muka je fili, kafin minti 20 ya dafa gwiwa yana haki, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ashe wannan ta fi wuya." Saura naira 28,000 a littafin bashinsa, jarrabawa kuma tana tafe. Allah ya ba shi sa'a, ya shirya mana zuriya baki ɗaya.