Parma, Garin Cuku: Abin da Ake Zubawa a Tukunya Kafin Madara Ta Kama

Mai karatu, garin cukun nan da ake barbaɗa wa taliya a gidajen abinci na Legas da Abuja, wanda ake kira famesan, daga sunan wani birni ya samo nasa sunan. Birnin shi ne Parma, a arewacin Italiya, cikin shimfiɗaɗɗen filin da Kogin Po ya ratsa. Daga Milan tafiyar awa ɗaya da wani abu ce a jirgin ƙasa. Ƙasa ce ta gonakin ciyawa da garken shanu, hazo kuma yakan lulluɓe ta da hunturu. Idan Allah ya kai ka, ka fara sanin cewa abu biyu suka yi wa garin suna: cuku da busasshiyar cinyar alade. Tun daga bakin kanti Musulmi zai buɗe ido.

Cukun na asali sunansa Parmigiano Reggiano. Doka ba ta yarda a yi shi ba sai a yankunan Parma, Reggio Emilia da Modena, da wani ɓangare na Bologna da Mantua. Akwai kusan gidajen sarrafawa 300, da yawansu suna karɓar baƙi, amma sai ka yi sammako domin da safe ake aikin. Za ka tarar da manyan tukwanen jan ƙarfe a jere, kowace tana cin kimanin lita 1,100. Ana haɗa madarar daren jiya da aka yaye wa mai da sabuwar madarar safe, a zuba ruwan tsamin da ya rage daga aikin jiya. Daga nan mai aikin ya ƙara wani ɗan abu kaɗan, cikin minti goma madara ta kama. A farfasa ta, a dafa zuwa zafin digiri 55, a kwashe da ƙyalle, a raba biyu. Kowane dunƙule zai yi kusan mako uku a ruwan gishiri, sannan ya hau kanta ya yi aƙalla wata 12. Nauyinsa yakan kai kilo 40. Kafin a buga masa hatimi, sai gwani ya ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma ya saurari cikinsa.

Wannan ɗan abin da ya sa madara ta kama shi ne dalilin rubutuna. Sunansa renet, Larabawa suna ce masa infaha. Ana samo shi daga tumbi na huɗu na ɗan maraƙin da bai bar shan nono ba, bayan an yanka shi. A cikinsa akwai sinadarin kaimosin, wanda ke datse furotin ɗin madara har ta dunƙule. Ƙa'idar Parmigiano ta wajabta renet na maraƙi, babu madadi. Saboda haka mai ƙaurace wa nama ba ya cin wannan cuku, ko da yake ba a ganin ko tsoka a cikinsa. Haka Grana Padano da Gorgonzola suke. Pecorino Romano da na ɗan tunkiya ake yi. Akwai ma Pecorino di Farindola na yankin Abruzzo, wanda da renet na alade ake yin sa.

Ga Musulmi tambayar ita ce yadda aka yanka dabbar. Na alade haramun ne ba tare da saɓani ba. Na dabbar da aka yanka bisa shari'a halal ne. A kan wadda ba a yanka ba malamai suka saɓa: Imam Abu Hanifa yana ganin infahar tsarkakakkiya ce, Imam Malik da Imam Shafi'i suna ganin najasa ce. Hukunci na malaminka ne. Nawa shi ne in nuna maka abin da ke cikin ƙunshin, domin ka je masa da tambaya sahihiya. A Parma ɗin ma akwai gidajen da ke yin cuku mai shaidar halal, sai ka nemi tambarin.

Mafita tana da yawa. Tun 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da kaimosin da ake sa ƙananan halittu irin su yis su samar a cikin tanki, kwatankwacin yadda ake samar da insulin na masu ciwon suga a yau. Mafi yawan cukun Amurka da Ingila da irinsa ake yi. Akwai kuma wanda ake samu daga wani nau'in fumfuna. Tsirrai ma suna wannan aiki: a tsaunukan Serra da Estrela na ƙasar Fotugal, da busasshen furen wata ƙaya ake daskarar da madarar tumaki.

Wannan dabara ta tsiro ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Warar da matan Fulani ke sayarwa a Ilori da ƙasar Oyo, da ruwan ganyen tumfafiya ake kama ta, babu tumbin dabba a ciki. Awarar waken suya kuwa ruwan tsami ne ke haɗa ta. Cukun Nijar, busasshen nan mai faɗi, shi ne ya yi kama da na Parma, domin makiyaya da tumbin ɗan dabba suke yin sa. Sai dai in ja kunne: ƙaron tumfafiya dafi ne, yana ƙona ido, yana kuma taɓa bugun zuciya idan ya yi yawa. Masu sana'ar sun san gwargwado, kuma suna dafawa. Kada a gwada a gida da ka, kada a bar yara su yi wasa da shi. Wara kuma ba ta jure ajiya, a soya ko a sake tafasawa a ci da wuri.

To, ga kwalin cuku a hannunka a kanti, me za ka duba? Juya bayansa ka karanta jerin kayan haɗi. Idan ka ga "animal rennet", na dabba ne. A kwalin Italiya kalmar ita ce "caglio", a na Faransa "présure". Idan ka ga "microbial" ko "suitable for vegetarians", babu tumbin dabba. Idan "enzymes" kawai aka rubuta, ba a faɗa maka komai ba, sai ka nemi tambarin halal ko ka ɗauki wani. Ka kuma sani ba duk abin da aka rubuta wa "parmesan" ba ne ya fito daga Parma. Na Amurka da wasu ƙasashe kwaikwayo ne, kuma sau da yawa babu renet na dabba a cikinsu. Na asalin yana da sunansa a jikin ɓawon, an rubuta shi da ɗigo-ɗigo.

A gidan abinci babu kwali a gabanka, don haka ka tambayi mai hidima wane cuku suke amfani da shi, ka roƙa a nuna maka ledarsa. Uwargida, ki koya wa yara wannan karatun bayan kwali tun yanzu, domin su ne masu son piza, kuma wata rana su kaɗai za su shiga kanti a ƙasar da ba mai yi musu bayani.