Titin da Ake Rataye Kifi a Jikin Bango

A hutun bara na raka kawuna Hong Kong, inda yake saro kayan waya. Mun sauka a Chungking Mansions, wani dogon gini a kan titin Nathan da fataken Afirka suka saba da shi. A rana ta uku Kawu ya ga na gaji da zaman shago, ya ce, "Kai da ba ka da zance sai na dabbobi, je ka ga kasuwar kifi, amma ka dawo kafin magariba." Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Tsim Sha Tsui, na sauka a tasha ta huɗu, wato Prince Edward. Tafiya kaɗan a ƙafa sai ga ni a titin Tung Choi, cikin unguwar Mong Kok.

Na zaci zan ji ƙarni, in ga mahauta da wuƙaƙe. Ashe kifin wannan kasuwa na kallo ne. A ƙofar shaguna an rataye ledoji jere-jere tun daga ƙasa har sama da kan mutum. Kowace leda da ruwa kaɗan a ƙasa, an hura sauran da iska, ga farashi an rubuta a jiki. A ciki kifaye ne ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, wasu ba su kai ɗan yatsa ba. Cikin shagunan kuma akwai akwatunan gilashi, da ciyayin ruwa, da tsakuwa, da ƙananan injinan tace ruwa.

Mutanen garin suna son kiwon kifi saboda gidajensu ƙanana ne, a saman benaye, kifi kuwa ba ya haushi kuma ba ya neman fili. Ban da haka, a harshen Sinanci kalmar "kifi" tana kama da kalmar "rara" wajen furuci, don haka suna ɗaukarsa alamar yalwa. Shi kansa kifin zinare, wanda ya fi kowane yawa a titin, a ƙasar Sin aka samar da shi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ta hanyar zaɓar masu launi daga wani kifin kogi mai duhun jiki.

Ina tsaye ina kallo sai na tuna da wani laifi nawa. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na kamo 'ya'yan karfasa biyar a kududdufin bayan unguwarmu. Na zuba su a kwalba da ruwan famfo, na marmasa musu burodi. Kwana biyu duk suka mutu. Shekara da shekaru ina zaton yunwa ce ta kashe su.

Na shiga wani shago na nuna wata 'yar tukunyar gilashi da kifin zinare biyu, na tambayi kuɗinsu. Tsohuwar da ke shagon ta girgiza kai ta yi magana da yarensu. Jikanta, ɗan makaranta kamarku, ya fassara mini da Turanci: "Ta ce akwati tukuna, kifi sai bayan wata ɗaya." Ya ƙara da cewa tukunyar ta yi kaɗan, domin kifin zinare yana iya kai santimita 20, ya kuma wuce shekara 10 a raye.

Yaron nan ne ya warware mini abin da ya kashe karfasata. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba, amoniya, ta matattarar numfashinsa da kuma kashinsa. Ragowar abinci idan ya ruɓe shi ma amoniya yake zama. A kogi ruwa mai yawa yana tafiya da ita, amma a kwalba kifi yana iyo ne cikin gubar kansa. Masu ceton sa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin tsakuwa da soson injin tace ruwa. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, rukuni na biyu ya mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawa a sabon akwati sai an yi mako huɗu zuwa shida. Watan da tsohuwa take nufi ke nan. Ruwan famfo kuma yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona matattarar numfashin kifi, ya kashe bakteriyar. Ashe burodina da ruwana ne suka haɗu suka yi aikin.

Kafin in fita na ga abin da ya ba ni dariya. A wani akwati na baya ga ƙurungu, irin wanda masuntanmu suka sani, ana lallaɓa shi kamar ɗan sarki. Kusa da shi akwai wani baƙin kifi mai dogon leɓe kamar hannun giwa, wanda ake samu a kogin Neja. Abin da muke wucewa ba mu kalla ba, wasu kuɗi suke biya su ajiye a falo.

Ban sayi kifi ko ɗaya ba. Da na dawo Kano na sa mai yankan gilashi ya haɗa mini akwati mai cin lita 60. Tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, na nemi tebur mai ƙarfi, na ajiye shi inda rana ba ta bugawa, don kada ruwa ya yi zafi gansakuka ta cika shi. Na wanke tsakuwa ba tare da sabulu ba, na bar ruwan famfo ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti kulorin ya fice. Na kunna inji, kullum ina jefa ɗan abincin kifi cikin akwatin da babu kowa, don bakteriya su sami abin ci. Ƙannena suna ta yi mini dariya wai ina kiwon ruwa.

A mako na biyar na kawo gupi shida, wasu ƙananan kifaye masu jure ɗumi. Na bar ledarsu tana yawo a saman ruwan minti 20 kafin in sake su, don zafin ruwan biyu ya daidaita. Yanzu ina ba su abin da za su cinye cikin minti biyu kawai. Duk ranar Asabar ina kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba wanda ya kwana, soson kuma in ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da na kwashe. Babbar matsalata ita ce bazara, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Idan aka ɗauke wuta na ga kifi sun taso sama suna haƙi, sai in kunna ɗan injin hura iska mai batir.

Ɗalibai, duk wanda ke sha'awar wannan kiwo ya tuna da hadisin da aka koya mana a Islamiyya, na matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Kifin da ka sa a gilashi ba shi da hanyar komawa kogi, kuma ba ya kuka balle ka ji. Idan ba za ka iya jiran wata ɗaya ba, ko ba za ka iya canjin ruwan mako-mako ba, ka bar shi wurin mai shi. Gupina shida kuwa sun haihu, har na raba wa maƙwabta biyu, bayan na tabbatar akwatunansu sun cika wata.