Hakkin ƙafa

A bakin titin Galmi, lokacin albasa, nakan kalli ƙafafun mutane fiye da fuskokinsu. Masu ɗora buhuna a manyan motoci, da mata masu talla a tashar Ƙonni, tun hantsi har la'asar suna tsaye cikin silifa da gindinta ya cinye.

Tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya gajiyarwa, a ganina. Mai tafiya, naman sha-raɓarsa na matsa jijiyoyi yana tura jini sama. Mai tsayuwa kuwa jinin kan taru a ƙasa, shi ya sa idon sawu ke kumbura da yamma. Ɗan ɗaga dunduniya lokaci-lokaci yana taimakawa, haka takalmi mai kauri.

Ni dai da dare ruwan ɗumi nake zubawa a roba in tsoma ƙafafuna, in shafa man kaɗe saboda faso, musamman da hunturu, sannan in kwanta in ɗora su bisa matashi.

Mai ciwon suga fa ya taɓa ruwan da hannu tukuna, don ƙafarsa ba lallai ta ji zafi ba. In kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zogi, ɗan'uwa, a je asibiti.