Watanni Goma Sha Uku A Unguwarmu

Akwai wasu watanni goma sha uku da ya kamata mu Hausawan Injamena mu riƙa waiwayarsu, wato daga ranar 19 ga Maris 2020, da aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar korona a ƙasar Cadi, zuwa ranar 20 ga Afrilu 2021, da sojoji suka fito a talabijin suka ce Shugaba Idriss Deby ya riga mu gidan gaskiya. A tsakanin waɗannan ranaku biyu mun ga annoba, mun ga kulle, mun ga ambaliya, mun kuma ga zaɓe. Darasin da muka ɗauka guda ne: dokar gwamnati ta san ƙofar gidanmu sarai, taimakonta ne ke ɓatan hanya.

Kakanninmu sun zo garin nan tun ana kiransa Fort Lami, wasu da niyyar aikin hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare suka zauna, wasu kuma fatauci ya kawo su daga Kano da Katsina da Damagaram. Sana'o'in da suka bar mana su ne har yau abincinmu: tireda, ɗinki, fawa, wanzanci, sayar da goro, da koyar da almajirai. Duk kuwa sana'o'i ne na a fita a samo. Wanda bai fita yau ba, tukunyarsa ba za ta hau murhu yau ba. Sai mai karatu ya riƙe wannan a zuciya kafin mu shiga maganar kulle.

Cikin 'yan kwanaki bayan ɓullar cutar aka rufe makarantu da masallatai da coci-coci, aka rufe iyakoki. Gadar Ngeli, wadda ta haɗa mu da Kuseri ta ƙasar Kamaru, aka hana masu ƙafa da masu babur ƙetare ta, alhali kuwa mutanenmu da yawa a wannan kai-komo suke ci. A farkon Afrilu aka sa dokar hana fita da dare, a watan Mayu kuma aka tilasta ɗaura takunkumin baki da hanci. Ba mu ce cutar ƙarya ba ce. Mun ji waɗanda aka kwantar a asibitin Farsha, mun kuma yi jana'izar dattawa fiye da yadda muka saba a wannan bazara. Rigakafi ya fi magani, wannan kowa ya yarda. Abin da ya dame mu shi ne yadda aka auna dokar da mudun masu albashi da firji da janareta.

Duk wanda ya san Injamena a watan Afrilu da Mayu ya san zafi na wuce digiri 40, kuma a cikin wannan zafi azumin 2020 ya same mu. Ɗakin kwano da rana tamkar tanda yake, da dare ma mutum ba ya iya runtsawa a ciki. Al'adarmu ita ce bayan buɗa-baki a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai shayi ya hura wuta, mai tsire ya kafa tukubarsa, mata su fito da ƙosai da kunu. Da daren ne rabin unguwa ke samun na cefanen gobe. Dokar hana fita ta share wannan duka. Da an yi magariba sai ka ji ƙarar mota, yara su watse, kowa ya ja tabarmarsa ciki. Samarin da aka kama a waje sun sha tsallen kwaɗo da bulala, wasu kuma sai da aljihu ya yi magana kafin a sake su. Tarawihi kowa ya yi a tsakar gidansa, tsofaffi na cewa tun da suke ba su taɓa ganin an garƙame babban masallacin Sarki Faisal cikin watan Ramalana ba.

Gwamnati ta yi shelar cewa ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa da na lantarki na wasu watanni. Magana ce mai daɗin ji a rediyo. To amma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai ke da lantarki, wa aka ɗauke wa? A layinmu gidaje ƙalilan ne ke da famfo, sauran kuwa daga masu tura ruwa a jarka suke saye, su kuma ba wanda ya ce su daina karɓar kuɗi, don su ma da iyali. An ce a riƙa wanke hannu da sabulu sau da yawa a rana, mu kuwa muna lissafin jarkar da za ta isa girki da alwala. An yi ta maganar rabon hatsi, mai unguwa ya rubuta sunaye, abin da ya iso bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya riƙe mu shi ne juna. Matan da ke adashi suka juya kuɗin zubi, suka riƙa sayen gero da mai suna raba wa waɗanda mazajensu suka zauna. Teloli suka koma ɗinka takunkumi da ƙyallayen atamfa, wanda ba shi da ko dala su ba shi kyauta. Masu tireda suka buɗe littafin bashi, sun kuwa san wani bashin sai a lahira. Liman ya riƙa bi gida gida da asuba yana tambayar wa ya kwana lafiya, wa bai ɗora tukunya ba. Kwanon tuwo ya riƙa ƙetare katanga ba tare da an tambayi ƙabila ba: maƙwabcinmu Basare Kirista ya ci namu, mu ma mun ci nasa, haka Balarabe da Babarbare. Da ruwan sama ya yi gyara a watan Agusta 2020, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, samarin unguwa ne suka fito da shebur da buhunan yashi suka yi wa ruwa hanya. Daga baya kogi ya cika ya shiga wa mutanen Waliya, wasunsu suka rarraba a gidajen dangi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu da muke riƙe da alli mun ga wata ɓarnar da ba ta fito a cikin alƙaluman ma'aikatar lafiya ba. 'Yan ajin jarrabawa ne kaɗai aka mayar makaranta a ƙarshen Yuni, sauran suka yi wata da watanni a gida. An ce a bi darasi ta rediyo da talabijin, amma yaron da ke tallar ruwan sanyi don gida ya ci, yaushe zai zauna gaban rediyo? Da aka koma, kujeru da dama ba masu su. Yara maza sun shiga kasuwar gero ɗaukar kaya, wasu sun hau babur suna kilando, sun ɗanɗana kuɗi, ba su da niyyar dawowa. 'Yan mata kuwa an aurar da wasu, iyaye na cewa gara a rage baki. A cikin 'ya'yanmu Hausawa, waɗanda dama da ƙyar ake shawo kan iyaye su sa su boko, wannan asara ce babba. Yaron da ya bar aji yana ɗan shekara goma sha uku a 2020, yau magidanci ne ko ya kusa, kuma takardar da zai nemi aiki da ita babu.

Ana cikin haka sai aka shiga kakar siyasa. Ranar 11 ga Agusta 2020, ranar cikar ƙasa shekara 60 da samun 'yanci, aka yi bikin naɗa Shugaba Deby muƙamin Marshal, bayan yaƙin da ya jagoranta a yankin Tafkin Cadi sakamakon harin da Boko Haram ta kai Bohoma a watan Maris, inda sojoji kusan ɗari suka rasu. Mun ji zafin mutuwar waɗannan sojoji, don 'ya'yan talakawa ne irinmu. Amma mun kalli bikin ne muna kwashe ruwa daga ɗakunanmu. Zaɓen 'yan majalisa kuwa, wanda rabon da a yi shi tun 2011, aka sake ɗage shi daga Disamba 2020, aka ce korona ce sanadi. Ranar 1 ga Janairu 2021 aka rufe Injamena baki ɗaya, ba shiga ba fita, da farko mako guda, aka yi ta ƙarawa.

Daga nan ne jama'a suka fara tambayar da ba ta da amsa. Ranar 6 ga Fabrairu jam'iyyar MPS ta tsayar da Deby takara karo na shida, aka hana masu adawa yin zanga-zanga. Succès Masra, jagoran Transformateurs, tsarin mulki ya hana shi tsayawa don bai kai shekara 40 ba. Ranar 28 ga Fabrairu jami'an tsaro suka je kama ɗan takara Yaya Dillo a gidansa, aka yi harbe-harbe, mahaifiyarsa na cikin waɗanda suka mutu, intanet kuma ta ɗauke a gari. Saleh Kebzabo ya janye daga takara. Da aka buɗe yaƙin neman zaɓe a watan Maris, sai ga filaye cike maƙil da mutane kafaɗa da kafaɗa, ana raba riguna da huluna, ba mai maganar tazara. A majalisar mai shayi wani dattijo ya ce ashe ita wannan cuta tana da katin jam'iyya, ta san taron da za ta shiga da wanda za ta ƙyale. Aka yi dariya, amma dariya ce irin ta wanda abin ya ishe shi.

Ranar 11 ga Afrilu aka yi zaɓe. A rumfunan da ke kusa da mu ba a yi wani dogon layi ba, mutane da yawa sun zauna gida suna cewa wanda ya riga ya san ƙarshen tatsuniya ba ya hana kansa barci. A wannan rana ce 'yan tawayen FACT suka ƙetaro daga Libiya. Daren 19 ga wata aka ce Deby ya lashe da kashi 79 cikin ɗari, aka kwana ana harbin murna, mu kuma muna kwantar da yara a ƙasa don gudun harsashin da ke faɗowa ta kwano. Washegari, muna cikin makon farko na azumi da ɗoriya, aka ce ya rasu sakamakon raunin da ya samu a fagen daga. Kafin la'asar kasuwa ta watse, an rusa majalisa da gwamnati, ɗansa Mahamat, mai shekara 37, ya hau a kan majalisar soja. Mutumin da ya shigo garin nan a Disamba 1990 yana cewa bai zo da zinariya ko azurfa ba sai 'yanci, ya tafi bayan shekara talatin. Allah Ya jiƙan musulmi. Ƙuri'ar da aka ƙirga jiya kuwa ba wanda ya sake tambayar inda ta kwana.

Iyayenmu sun yi mana nasiha cewa Bahaushe a ƙasar nan baƙo ne, ya riƙe kasuwarsa da carbinsa, ya bar siyasa ga masu ita. Suna da hujja, don sun ga yaƙin 1979 da na 1980, mu ma mun ga na Fabrairu 2008 da aka yi ta gudu zuwa Kuseri. Amma watannin nan goma sha uku sun nuna cewa ko ka bar siyasa ita ba ta barinka. Ita ce ta rufe kasuwar, ita ce ta rufe masallacin, ita ce ta yanke wa za a rubuta a takardar rabon hatsi. Mutumin da aka haifi kakansa a Fort Lami kuwa ba baƙo ba ne. Zumuncin da ya cece mu abin alfahari ne, sai dai adashin mata ba zai haƙa magudanar ruwa ba, littafin bashin mai tireda kuma ba zai gina asibiti ba. Waɗannan haƙƙinmu ne a kan hukuma, tunda muna biyan haraji da kuɗin rumfa, kuma tun 2003 ƙasar nan ke sayar da man fetur.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa ba mai wuya ba ne. Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa, kowane baligi ya mallaki katin ɗan ƙasa da na zaɓe. A bar yara a makaranta, maza da mata, su iya Faransanci da Larabci, harsunan da ake rubuta doka da su, don mu samu masu shiga ofis su yi magana da bakinmu. In an kira taron unguwa ko na magajin gari, mu je, mu tambayi ina aka kwana kan maganar ruwa da kwata da makaranta. Sai ranar 29 ga Disamba 2024 aka yi zaɓen 'yan majalisar da aka yi ta ɗagewa, tare da na ƙananan hukumomi, kuma waɗanda aka zaɓa ɗin sun san hanyar unguwarmu, tunda sun zo neman ƙuri'a. Mu ma sai mu koyi hanyar ofisoshinsu. Kowa ya yi shiru a wurin rabo, ba ya kuka da ƙaramin kaso.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya kiyaye mu da annoba da fitina, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya zaunar da ƙasarmu Cadi lafiya, amin.