Wasan Haɗa Hoto Ya Yi Araha

Tunda 'yan kasuwa suka karya farashin wasan haɗa hoto, mu nan Sabo muka shiga saye. Na yara guntaye 24 ko 50, na manya har 1000. Sai dai fa a kula da na gwanjo, guntu ɗaya ya ɓace, an yi asara. Na yara mukan ƙirga gaban mai kaya, na manya kuwa sai rufaffe cikin ledarsa.

Mun fi son mai taswirar Nijeriya. Yaranmu haifaffun Kurmi ne, sun san Ibadan ciki da bai, amma tambaye su ina Katsina take, shiru. Yaro ya ɗora ta saman Kaduna da hannunsa, ai ya san garin kakansa.