Mai Kai Labari Ɗakin Mata

Na daɗe ina tunanin Stephanie Linus, 'yar fim daga kudancin Nijeriya, wadda ta fito da fim ɗin Dry a 2014. Labarin Halima ne, yarinya 'yar shekara 13 da aka aurar, haihuwa ta zo mata da gardama, ta tashi da yoyon fitsari.

Likita ya san yadda abin yake faruwa. Naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Ya kuma san ana ɗinkewa, kamar yadda aka daɗe ana yi a asibitin Babbar Ruga ta Katsina. Amma matar da ke shanya zannuwanta a bayan ɗaki tun da asuba, don kada kishiya ta gani, wa zai gaya mata? An ce mata iska ce, ko jifa. Kunya ta rufe mata baki.

Wannan giɓin mata irin su Stephanie suke cikewa, kuma aiki ne mai wuya: a faɗi ciwon mace ba tare da an tona mata asiri ba. Ina girmama ta a kan haka, har zuciyata.

Abin da ke damuna shi ne yawancin fim ɗin da Turanci yake. Mai ciwon kuwa rediyo take saurara, da Hausa, kuma muryar mace 'yar'uwarta za ta fi saurin sa ta nemi kuɗin mota zuwa asibiti.